Lambar kiran marigayi: a ajiye ta ko a ba wani?

Akwai wani dattijo a Garwa da ya daɗe yana hira da duniya ta rediyonsa na sha'awa, wayar eriyarsa ɗaure a reshen darbejiya. Allah ya yi masa rasuwa, lasisinsa ya ƙare. Lambar kiransa, wato haruffa da lambar da ake gane shi da su a rediyo, mai farawa da TJ, alamar Kamaru kamar yadda TT take ta Chadi, tana nan ba mai kira da ita.

Masu cewa a ajiye ta suna da hujja mai nauyi. A wannan harka lamba ta zama suna. Abokinsa na Faransa in ya ji ta a iska, gabansa zai faɗi, ya ɗauka shi ne. Katunan QSL, waɗanda ake aika wa juna shaidar an yi magana, suna nan manne a bangon ɗakinsa da lambar a jiki. Wani sabo ya ɗauka, sai littattafan rajista su rikice, a rasa wa aka yi magana da shi.

Masu son a sake bayarwa kuwa gajerun lambobi suke dubawa: haruffa biyu a ƙarshe lambobi 676 kacal suke bayarwa, kuma gajeriya ta fi saurin bugawa da Mos, wato aika haruffa ta gajerun sauti da dogaye. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC tana jiran shekara 2 kafin ta saki lamba, amma dangi na kusa suna iya nema tun kafin nan.

Mu nan masu lasisi ba su da yawa, lambobi ba su kusa ƙarewa ba. Ni dai na fi son a ajiye ta dattijon, sai in ɗansa ko jikansa ya sami lasisi ya nema.