Tantin gwanjo na Kasuwar Barci: ya fi ƙarfin sauro, ruwan Kamaru ya fi ƙarfinsa

A layin masu gwanjo na Kasuwar Barci da ke Kaduna na saye shi, naira 38,000 bayan dogon ciniki. Kore ne, da sanduna biyu masu lanƙwasuwa da ake gittawa, da rufin sama daban, da ƙofar raga mai zif. A jikin jakarsa an zana mutum huɗu a kwance. Mai shagon ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko ruwan Agusta ba ya shigarsa." Na ce, "To Alhaji, Allah ya sa." Da na zo gida na kafa shi a tsakar gida, yara suka yi ta kwara masa ruwa da buta, ko ɗigo bai sauka ciki ba. Ashe buta ba gwaji ba ce.

Dalilin sayen kuwa, yayana ɗan kawuna da ke kasuwanci a unguwar New Bell a Duwala ya daɗe yana cewa in zo ya kai ni in ga Dutsen Kamaru mai aman wuta, mu kwana a bakin teku. A watan Maris na shirya. Na bi ta Yola, na shiga Garwa, na hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, sannan mota zuwa Duwala. A nan tantin ya fara cin maki: ba nauyi, ya shige ƙarƙashin kujera, an jefa shi an taka shi, ko sanda ɗaya bai karye ba.

Ranar Laraba muka fita, mu uku har da direba. Yaya ya ce Litinin ba a wasa da ita a yankin masu Turancin Ingilishi, tun da rikicin 'yan aware ya taso ake zaman gida a ranar. Muka tsallake gadar kogin Wuri, muka ratsa gonakin roba da na ayaba na Tiko, a Mutengene muka hau zuwa Buwiya, garin da ke gindin dutsen, inda Jamusawa suka taɓa kafa hedikwatarsu. Dutsen ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi tsawo a wannan ɓangare na Afirka, amma ni dai gajimare na gani. Sau ɗaya ya ɗan leƙo, kafin in zaro waya ya koma.

Inda na ga aikin dutsen da idona shi ne kusa da ƙauyen Bakingili, gaba da garin Limbe na bakin teku. A 1999 ya yi amai, narkakken dutse ya gangaro a hankali ya ƙone gonakin kwakwar manja, ya datse titi, ya tsaya saura kaɗan ya faɗa teku. Har yau yana nan, baƙi ƙirin, tsayinsa kamar bene, titin ne ma ya kauce masa. Na hau da silifa, kuskure. Dutsen kamar gawayin maƙera yake, ga kaifi ga ramuka, yana ƙara ƙarƙashin ƙafa, ya yanka min dunduniyar takalmi. Abin da ya tsaya min a rai ciyawa ce da ƙananan itatuwa da suka riga suka tsiro a kansa.

Mun koma Limbe mun ci gasasshen kifi da rogo naɗe a ganye, muka yi la'asar, muka nemi izinin wani mai masauki ya bar mu mu kafa a yashin da ke bayan katangarsa. Yashin can baƙi ne, daga dutsen nan ya samo asali.

Kafawa minti goma, har da gardama. Turakunsa ne matsalar farko: 'yan gajerun ƙarafa kamar tsinken tsire, a ƙasar Kaduna mai tauri sun yi, a yashi kuwa da yatsa biyu ake zaro su. Sai da muka ɗaure igiyoyin a manyan duwatsu. Maganar mutum huɗu kuma, sai dai in yara ake nufi. Mu uku ne, ƙafar direba tana kan jakata har asuba.

Ragar kam sai yabo. Sauron bakin teku ya yi ta kuka a waje, ko ɗaya bai samu shiga ba. Iska ma ta kaɗa sosai, sandunan suna rusunawa suna miƙewa.

Wajen ƙarfe biyu ruwa ya sauko. Daga baya Yaya yake gaya min cewa Debunca, da ke gaba kaɗan a kan titin nan, tana samun ruwan da ya kai milimita 10,000 a shekara, ninkin na Kaduna wajen sau takwas. Da ya faɗa tun da rana! Yadin kansa ya riƙe, ɗinkin ne ya ba mu kunya. Ledar da aka manna a kan ɗinki ta tsufa ta ɓare, ruwa ya bi layin zare yana ɗiga daidai goshina, sannan ya taru a kusurwa ya jiƙa tabarma. Muka rufe ko'ina, sai zafi da gumi suka ce ga mu. Da na tashi fita alwala zif ya cije da yashi, da kyandir muka goga masa ya saki.

Wanda zai kwana a Kajuru ko Kagoro da rani, ko mai gudun zafin ɗaki a watan Afrilu, ya saya, kuɗinsa bai faɗi ba. Mai zuwa inda ake ruwa ya haɗa da tampol da dogayen turaku, kuma ya juya cikin tantin ya duba ɗinki tun a gaban mai shago.

Da na dawo na biya na ba Alhaji labari. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula ya ce, "Ai Agustan Kaduna na ce maka, ranka ya daɗe."