Dillalin da ya kama mana gida a Abijan: inda ya kyauta da inda ya bar mu

Tun da na zo Maraɗi hutun Sallah, mutum huɗu suka tare ni da tambaya guda: wannan ofishin da ya kama muku gida a Abijan, yana da amana? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan ofishin ba zan faɗa ba, don akwai ƙorafi cikin maganata, kuma mai shi ɗan Nijar ne da ke neman abincinsa a can.

Aikina riƙe lissafin wani Alhaji mai kai albasar Galmi Kodebuwa. Sau biyu kawai na taɓa zuwa Abijan, kwana uku-uku, ban fita daga Ajame, unguwar da shagonsa yake, ba, sai ga shi ya ce in tare can da iyalina: ni da uwargida da yara biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin yana goye. Ofishin na da wakili nan Maraɗi. Jaka 75 na biya, a kan su nemo gida, su turo bidiyo ta WhatsApp, su rubuto mini lissafin abin da zan kashe wata uku na farko, su kuma tarbe mu a filin jirgi.

Alherinsu na farko a kan mota ne, kuma shi kaɗai ya fanshi jaka 75 ɗin. Ina da tsohuwar Corolla ƙirar 2009 wadda na so in tura gaba da kayan ɗaki. Da mai ofishin ya ji shekarunta sai ya ce, "Malam, kar ka wahalar da kanka. Tun 2018 Kodebuwa ba ta yarda a shigo da ƙaramar mota da ta wuce shekara 5 da ƙerawa. Ba za ka samu lambar ƙasar ba." Na bincika wajen direbobinmu, haka ne. Nan na sayar da ita, cikin natsuwa, ba tare da mai saye ya san ina cikin gaggawa ba.

Na biyu, bai ɓoye mini kuɗin shiga gida ba. Mu nan Maraɗi mun saba ka ga mai gida, ku gaisa, a sa dattijo shaida, ka ba da wata ɗaya ko biyu ka shiga. Jaka 40 nake biya a unguwar Zariya, ga tsakar gida, ga bishiyar dogon yaro da yara ke wasa ƙarƙashinta. A Abijan doka ta ba mai gida damar karɓar hayar wata 2 gaba da kuɗin ajiya na wata 2, wanda suke kira kosiyon, sannan dillali ya ɗauki nasa wata 1. Wata biyar ke nan kafin ka riƙe makulli. Gidan da ya samo mana a unguwar Yopugon, ɗaki biyu da falo, jaka 130 ne, ka ga jaka 650 a zube rana guda. Wani mai gida da ya nemi wata shida gaba, dillalin da kansa ya ce mu rabu da shi, ya taka doka. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne kuɗinmu ɗaya da su, Sefa ce, babu zancen canji balle a ci ka a can.

Ranar da muka sauka daga jirgin Yamai dillalin yana tsaye yana jira, ya karɓi jakar uwargida, ya ce, "Hajiya, sannu da hanya, kawo yaron in riƙe miki." Wannan ban manta ba.

To, ga inda raina ya ɓaci. A cikin bidiyon ya ɗauko hanya daga ƙofar gidan zuwa kasuwar Ajame, ya ce minti 25. Gaskiya ya faɗa, amma safiyar Lahadi ya ɗauka. Litinin ta farko na fito bayan asuba, na tsaya layin gbaka, ƙananan bas ɗin nan da yaran mota ke rataye a ƙofa suna kiran unguwanni, ban isa shago ba sai bayan awa ɗaya da rabi. Gadar Abijan ta huɗu da aka buɗe a farkon 2024 ta rage wa mutanen Yopugon wahala, amma kafin ka fito daga cikin unguwa ka hau ta, rana ta yi. Motocin albasa kuwa da sassafe ake sauke su, kuma mai lissafi ya kamata ya riga buhu na farko sauka. Sau uku Alhaji ya kira ni daga Maraɗi yana cewa, "Yaro, ina ka shiga ne?" Ban da amsar da zan ba shi.

Gidan ma hawa na uku ne, abin da bai fito a bidiyo ba sai da muka ga matakala. Ginin ba shi da injin tura ruwa sama, sai dare ya raba famfo ke kawowa. Uwargida ta koma tashi ƙarfe biyu tana cika robobi, da rana kuma ta sauko da goyo, ta riƙe hannun babbar, ta hau da kayan cefane. Da damina ta kankama a watan Yuni, bangon ɗakin yara ya yi baƙi da danshi, takalman da muka ajiye a kwali suka yi fumfuna. Mutumin Maraɗi bai san a tambayi wannan ba, mu da wanki ke bushewa kafin ka gama shanya. Shi da ya shekara a can ya kamata ya tambaya mana.

Takardar lissafinsa ta sa haya da abinci da kuɗin makarantar yarinya, har da katin wuta na CIE, kamfanin lantarkin ƙasar. Wajen sufuri ya rubuta jaka 20 a wata, mota kuma ya ce sai an zauna tukuna. A nan ne kuskuren yake, domin nisan gida shi ke yanke maka ko za ka sayi mota. Wata biyu ban cika ba na gaji, na sayi wata Toyota ta hannu miliyan 3 da jaka 400. Kuɗin Corollata duka suka shige, na ƙara da bashin Alhaji. Bayan haka ga inshora, ga duba lafiyar mota, ga sauya suna a takardu, ga mai da ke cin kusan jaka 60 duk wata, ga ɗan abin da nake ba mai gadi don babu wurin ajiye ta cikin gida. In za mu gaida 'yan'uwan uwargida a unguwar Kumasi da ke cikin Abijan ta gadar Henri Konan Bédié, dala 100 ce kowace tsallakawa. Kuma motar ba ta fitar da ni daga cunkoso ba, ta dai ba ni wurin zama a cikinsa.

Daga baya na ga gida a Wiliyamsbil, jaka 180, hawa na ƙasa, wanda da ƙafa ma zan iya zuwa shago. Ƙarin jaka 50 a wata, jaka 600 a shekara, bai kai kuɗin man da nake sha ba, balle kuɗin motar kanta. Da na faɗa wa dillalin, ya ce ai ni na ce masa kada haya ta wuce jaka 130. Haka ne, na faɗa. Amma na biya shi ne don ya ga abin da ban iya gani daga Maraɗi, da ya ajiye mini lissafi biyu gefe da gefe, na nesa da mota da na kusa babu mota, da na zaɓa da idona.

Ƙanena da zai tafi bayan damina ya roƙi lambarsa, na ba shi. Na ce ya sa a ɗauko masa hanyar ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe, a buɗe famfo a cikin gidan da tsakar rana yana kallo, a nuna masa kusurwar bango ta bayan ƙofa, kuma kada ya faɗi iyakar hayarsa sai ya faɗi inda zai riƙa aiki. Mu kuwa ƙarshen wata mai zuwa za mu tashi zuwa Wiliyamsbil. Motar na sa ta kasuwa, kuma dillalin ya yi alkawarin tsaya mini har mai gidan Yopugon ya maido jaka 260 na kosiyon.