Faranti ko ƙirjin zakara: damina biyu da jirgin alminiyum a ruwan Yauri

Ranar da aka sauke jirgina daga bayan mota a kwata, wani dattijo cikin masu tuƙin kwalekwale ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa gefensa da zoben hannunsa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan jirgi ne ko faranti?" Aka kwashe da dariya. Har yau Faranti ake kiransa, ni ma na daina musu.

Gonar shinkafata a gungu take, sai an tsallaka ruwa. Shekara da shekaru da kwalekwalen katako nake zuwa, kuma duk wanda ya riƙe irinsa ya san hidimarsa: toshe kafa da auduga, sauya katakon da ya ruɓe, ga yaro guda da ba shi da aiki sai kwarfar ruwa tun daga tashi har isa. Jirgin faiba, wato na roba mai tauri, shi kuwa nauyi gare shi, in ya daki dutse ya tsage. Shi ya sa da wani abokina ya ce ya ga kwancen jirgin alminiyum a Legas, wanda aka shigo da shi daga Amurka, ban yi dogon tunani ba. Bayan wata shida mijin yayata ya sayi nasa, wani samfuri daban, mai tsinin ciki, wanda yaran kwata suka raɗa wa ƙirjin zakara. Na tuƙa duka biyun sosai, shi ya sa masu tambayata wanne za su saya nake ce musu su zauna, maganar ba ta tsaye ba ce.

Nawa shimfiɗaɗɗen ciki gare shi, an haɗa shi da ƙusoshin ribit. A jikinsa an rubuta 1436. Sai daga baya na gane ma'anar lambar: tsawo ƙafa 14, faɗin ƙasa inci 36. Da na san haka tun farko da 1448 na nema, don wannan inci 12 ɗin shi ne bambancin jirgin da za ka miƙe tsaye a ciki ka ɗaga buhu da wanda in ka miƙe kowa zai kama salati. Na surukina ƙafa 16 ne, walda aka yi masa ba ribit ba, ƙarfensa ya fi kauri, gefensa ya fi tsayi.

Bari in fara da inda Faranti ya biya ni. Wanda ya san tafkin Kainji ya san ruwansa ba ya zama wuri ɗaya. Farin ruwa na zuwa daga tsakiyar damina, baƙin ruwa na biyo baya lokacin sanyi daga can saman kogin Kwara, sannan ruwa ya yi ta ja har tsakiyar damina. To daidai lokacin da nake bukatar kai taki da iri shi ne lokacin da ruwa ya fi janyewa. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka kammala madatsar a 1968 sai su matso kusa da sama, hanyar shiga gonata ta koma laka da burugu. A nan Faranti sarki ne. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi. In ɗaga inji, yaro ya sa gora ya tura, mu shiga har bakin kunya. Mutum huɗu suna ɗaga shi su kife a tudu. Na surukina kuwa a irin wannan wuri sai ya tsaya can nesa, a yi ta jidar buhu a ka cikin laka.

Sai mai. Injina Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, lita 50 na fetur ga lita ɗaya ta mai. In na murɗe shi gaba ɗaya yana shan wajen lita 7 a awa, amma ba kasafai nake murɗewa ba. Na surukina mai doki 40 ne, in ya buɗe masa wuta abin da yake sha ya kusa ninka nawa uku. Kafin a cire tallafin mai a 2023 wannan ba abin zama a yi lissafi ba ne. Yanzu kuwa shi da kansa yakan aiko a ari Faranti in tafiyar gajeriya ce, yana cewa wai na shi "yana hutawa".

Amma akwai ranar da ba zan manta ba. Farkon damina ne, muna dawowa bayan la'asar, ni da yara biyu da buhun taki biyu da suka rage. Hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu kai rabin faɗin ruwan iska ta taso. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki ba ya yanka igiyar ruwa, marinta yake yi. Kowace igiya ta zo sai ka ji tau! a ƙasan jirgin, har haƙoranka su haɗu, ruwa ya fantsamo ta goshi ya zubo ciki. Ga shi ba nauyi, iska na juya kansa yadda ta ga dama. Na rage wuta, na karkata goshin kaɗan ina tarar igiyar a kaikaice, ƙaramin yaron na kwarfa da robar fenti yana karanta duk addu'ar da ya sani. Da ƙyar muka raɓa bayan wani gungu muka fake har iska ta lafa. Bayan sati biyu irin wannan iska ta same mu a jirgin surukina, ya ratsa ta yana tsaga ruwa, ko hulata ba ta jiƙe ba. A ranar na san kuɗinsa ba a banza suka tafi ba.

Tun daga nan ba wanda ke shiga jirgina ba rigar ruwa, kuma ba na ƙetare abin da aka rubuta a ɗan allon ƙarfen da ke manne kusa da inji, inda aka faɗi yawan mutane da nauyin kaya da girman injin da jirgin zai iya ɗauka. Nawa mutum uku aka rubuta. A kwata wannan abin dariya ne, don an saba ganin kwalekwale ruwa na lasar bakinsa. Amma mu mutanen wannan yanki ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, da yawan gidajen da aka yi zaman makoki. Buhu biyar na taki, kilo 50 kowanne, da ni kaina, na riga na wuce ƙa'idar Faranti. Gara in yi sawu biyu.

Abin da ba wanda ya gaya mana kafin saye shi ne gyara, kuma a ganina nan ne zaɓin yake. Wata na bakwai Faranti ya fara yoyo a layin ribit na tsakiya. Hankalina ya tashi, ashe abin mai sauƙi ne. Muka ɗora shi kan turame biyu, muka zuba ruwa a ciki, muka zagaye duk ƙusar da ke ɗiga da alli. Yaro ya danne kan ƙusar da ƙatuwar guduma ta waje, ni ina bugun ta ciki a hankali har ta kama. Ƙusa 9, aikin awa ɗaya. Shi kuwa na surukina ba ya yoyo ko ɗigo, sai ranar da ya hau kututture da gudu, walda ta tsage wajen tsawon yatsa. Ya kai wa mai waldar ƙofofi, mutumin ya ce, "Alhaji, ai minti biyar ne." Yana ɗora wuta ƙarfen ya narke, tsaga ta zama rami. Alminiyum ba ya karɓar waldar ƙarfe, sai mai injin iskar argon, kuma sai da aka ɗauki hayar mota aka kai jirgin wani gari kafin a samu wanda ya iya. Sati uku yana tudu.

Kuskuren da na yi da hannuna shi ne na inji. Bayan jirgi, inda ake rataya inji, iri biyu ne a ƙananan jirage: mai tsayin inci 15 da mai tsayin inci 20. Nawa mai 15 ne, na je na sayo inji mai doguwar ƙafa, na mai inci 20, saboda mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Farfela ta nutse fiye da kima, jirgi ya ƙi gudu, ga karo da duk abin da ke ƙasa. Sai da kafinta ya ɗaga mazaunin da katako mai kauri aka samu daidaito. Ka auna da tef kafin ka biya.

Sauran ƙananan abubuwa duka biyun sun yi tarayya. A zafin Afrilu kujerar tana ƙona mutum ta cikin wando, sai da na shimfiɗa katako da tabarma. Ƙara gare su. Filafili ya faɗi a ciki, masu jefa birgi na nesa su harare ka, don haka masunci ya yi tunani. Taki ma ba ya shiri da su: buhun NPK ya fashe min sau ɗaya na bar shi kwana uku a jiƙe, na tarar da farin gari da ƙananan ramuka kamar zanzana a ƙasan jirgin. Yanzu leda nake shimfiɗawa, in wanke da zarar an sauke.

Makon jiya wani malamin asibiti da ke kai rigakafi ƙauyukan tsallake ya zo yana tambaya. Na ce masa tunda kullum sai ya ratsa tsakiyar ruwa, kuma ba shi ke zaɓar ranar tafiya ba, ya nemi mai tsinin ciki, ƙafa 16, ya kuma nemo lambar mai waldar argon tun kafin jirgin ya iso. Ni da hanyata ke bin gefe da laka, ina nan da Faranti. Na dai bar wa abokina na Legas saƙo, in 1448 ya faɗo ya kira ni ko da tsakar dare ne.