Ta wasanni, ta injiniyoyi ko MacBook: wacce za ka goya a tafiya?

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ka ce kana zaune a Jidda, kamfaninku na tura ka Madina da Yanbu, wani lokaci har Riyad, aikinka kuma da manhajojin zanen gini AutoCAD da Revit kake yin sa. Ga kwamfuta uku a gabanka: ta wasanni irin su Lenovo Legion ko ASUS ROG, ta injiniyoyi irin su ThinkPad P1 ko HP ZBook, sai MacBook Pro da abokinka ke ta yaba maka.

MacBook ɗin mu fara sallamarta, tunda maganarta gajera ce. Ba a taɓa fitar da Revit na Mac ba, haka Civil 3D, haka SolidWorks. AutoCAD ne ke da na Mac, kuma yana tafiya lafiya. Ana iya ɗora Windows a ciki ta Parallels, manhajar da ke tafiyar da Windows a kan Mac, amma wannan ba hanyar da zan ba mai neman abinci da Revit ba ce, don ranar da ya ƙi buɗewa kana gaban mai gini, babu wanda zai ɗauki alhakin. Gaskiya ne batirinta na daɗewa, mai inci 14 kuma nauyinta kusan kilo 1.6 ne. Da AutoCAD kaɗai kake yi, da na ce ka duba ta. Gargaɗin nan na Revit ya shafi sabbin kwamfutocin Windows masu furosesar Snapdragon ma.

Saura biyu, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, saboda a takarda ta wasanni ce ke cin gasa. Kuɗin da zai saya maka ta injiniyoyi mai matsakaicin katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna, shi zai saya maka ta wasanni mai babban kati, har ka samu canji. Mai shago ma abin da zai nuna maka ke nan. Sai dai ka tambayi kanka: katin nan, aikina na bukatarsa? AutoCAD da Revit, a yawancin abin da kake yi kullum, kamar buɗe fayil, jan layi, sauya hawa, sun fi dogara da saurin furosesa, wato injin lissafin kwamfuta, sau da yawa ma ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyinta, da kuma yawan RAM, wato ma'ajiyar da ke riƙe aikin da ake kan yi. Katin hoto na shiga da ƙarfinsa ne idan ka koma Lumion, Enscape ko Twinmotion don fitar da hoton gini kamar na gaske. Idan wannan na cikin aikinka na kowane mako, to ta wasanni mai katin RTX 4060 da 8GB na ƙwaƙwalwar kati ko sama da haka tana da hujja babba, kuma kar ka sauka zuwa 4050 mai 6GB. Idan kuwa sau ɗaya ne a wata biyu, kana biyan kuɗin nauyin da za ka yi ta ɗauka a banza.

Nauyin nan shi ne abin da ban ga kana lissafawa ba, shi ne kuma ya fi damuna. Ta wasanni mai inci 16 tana kai kilo biyu da rabi. Cajarta mai wat 230 zuwa 330 ta yi kusan rabin bulo, ita ma tana dosar kilo guda. Ƙara linzami, takardun zane, hular kwano da gorar ruwa, sannan ka tuna tafiyar da ake yi a ƙasa a tashar jirgin ƙasa na Haramain ko cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz. ThinkPad P1 kuwa kusan kilo 1.8 ce, cajarta ƙarama, kuma tana karɓar caji ta USB-C, wato caja mai wat 100 da za ta shiga aljihun jaka za ta riƙe ta a aiki mara nauyi, ta caja maka waya kuma. Amma lura: ba kowace ta injiniyoyi ce mara nauyi ba. ThinkPad P16 da ZBook Fury sun kai ta wasanni nauyi, wani lokaci sun fi ta. Waɗannan na wanda zai ajiye a tebur ne.

Batun batir kuma, dukkansu doka ɗaya ta ɗaure su. Jiragen sama ba sa barin batirin da ya haura wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi, shi ya sa za ka ga mafi girma ya tsaya a 99 da ɗoriya. Bambancin yana wajen yadda kowace ke shan abin da aka ba ta. Ta wasanni, da zarar ka zare ta daga wuta, tana rage ƙarfin katin da kanta, kuma duk da haka batirin ba ya jimawa. Ƙarfin da ka biya kuɗinsa yana nan ne kawai muddin akwai soket. Ta injiniyoyi ma tana ragewa, amma an ƙera ta da tunanin mai yawo, za ka iya gyara zane daga Jidda har Madina a jirgin ƙasa hankali kwance. Af, fawa-bank a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba.

Wajen zafi ta wasanni ke rama nata. Jikinta mai kauri ne, fankokinta manya, don haka tana daɗewa tana aiki mai nauyi ba ta sassauta ba, ko da yake ƙararta na cika ɗakin taro. Siririya kuwa, idan ka matsa mata da fitar da hoto a kwantenar ofis da esi ɗinta ke fama da zafin Yuli, za ta rage gudu don ta tsira. A Riyad zafi na haura digiri 45, ka ga bai kamata ko wacce ka saya ta kwana ko ta wuni a mota ba, batir ne ke fara lalacewa. Ƙura ma abokiyar gaba ce, musamman a wurin gini. A riƙa buɗe ta ana hure fankar lokaci zuwa lokaci, kuma kar a ɗora ta a kan katifar otal.

Akwai maganar da masu sayarwa ke yi cewa ta injiniyoyi kamfanonin manhaja sun gwada ta sun amince da direbobinta, wato manhajojin da ke tafiyar da katinta. Gaskiya ce, amma amfaninta ya fi bayyana ga masu SolidWorks da CATIA. Ga mai Revit, katin GeForce, irin na ta wasanni, na aiki ba matsala. Abin da ni ke sa ni karkata ga ta injiniyoyi shi ne garanti. Kai mai zuwa hutu Kano ne, to ka tambaya ƙarara ko garantin na bin kwamfutar zuwa wata ƙasa, ko a cikin Saudiyya kawai ya tsaya, ka sa a nuna maka a rubuce. Irin su ThinkPad an fi samun wannan tsari a kansu. Idan ta hannu za ka saya, a shafin cinikin Haraj ko a shagunan Olayya da ke Riyad, ka shigar da lambar jikinta a shafin kamfanin ka ga sauran garantin, ka duba lafiyar batir, ka kuma tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tashi kafin Windows, don yawancinsu daga ofisoshi suka fito.

Da ni ne kai, da na ɗauki siririyar ta injiniyoyi mai inci 16, furosesa Core Ultra 7 ko i7 mai harafin H, RAM 32GB, SSD 1TB, da katin NVIDIA ko da matsakaici ne. Kar ka yarda da 16GB da aka narkar a jikin allon cikin kwamfutar wanda ba a iya ƙarawa. Fayil ɗin Revit girma yake yi yayin da aiki ke tafiya, musamman idan aka haɗa na masu lantarki da na masu famfo. Sikirin ya zama mara sheƙi, mai hasken 400 nit (ma'aunin hasken sikirin) ko fiye, saboda ranar ƙasar nan. P1 ba ta da maɓallan lissafi na gefe, idan ka saba da su wajen shigar da awo, ƙaramin na USB ba shi da tsada.

Kafin ka biya a shagon Jarir ko eXtra, tabbatar farashin da ka gani ya haɗa da harajin kashi 15. Filogin Saudiyya mai baki uku ne irin namu na gida, cajar kuma tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, don haka a Kano ma za ka soka kai tsaye. Lasisin Autodesk, kamfanin AutoCAD da Revit, na son ya ga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, to ka buɗe shi a Jidda kafin ka nufi wurin aikin da babu sabis. Allah ya sa albarka a abin da za ka saya.