Haɗin citta da lemon tsami ko ƙwayar bitamin C: wanne ya fi tsare yara daga mura?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana zuri'a. Kin ce da hunturu ya kama yaranki ba su rabuwa da mura, wannan ya warke wancan ya ɗauka, kina tambaya ko ki ci gaba da dafa musu citta da lemon tsami da zuma, ko kuwa ki koma saya musu ƙwayar bitamin C a kemis.

Gaskiyar magana, cikin biyun nan babu mai hana mura kama mutum. Kowanne dai yana da ranarsa. Ƙwayoyin cutar da ke kawo mura sun fi iri 200, shi ya sa yaro zai warke yau, bayan sati biyu wata ta sake kama shi. Ga hazo da busasshiyar iska da muke sha a Sakkwato daga Disamba zuwa Fabrairu suna busar da hanci da maƙogwaro, ga yara a cunkushe ɗaki ɗaya an rufe tagogi saboda sanyi.

Mu fara da ƙwayar kemis, don ita masana suka fi gwadawa. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Linus Pauling, shi ya yayata ta a 1970, tun daga nan ake ta gwaji. A 2013 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutum sama da 11,000. Abin da ya fito shi ne, masu shan ƙwayar kullum suna kamuwa da mura kamar kowa. In ban da masu aikin ƙarfi mai tsanani, irin 'yan gudun fanfalaki da sojoji a cikin tsananin sanyi, su kam kamuwarsu ta ragu da kusan rabi. Inda ta taimaka wa sauran mutane shi ne tsawon ciwon: ya ragu da kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 ga yara. Wato murar da za ta yi wa yaro sati ɗaya, sai ta sake shi da kamar kwana ɗaya kafin lokacin. Kuma sai wanda ya dinga sha tun kafin ta kama shi. In sai an fara atishawa aka ruga kemis, kamar yadda yawancinmu ke yi, gwajin bai nuna wani amfani tabbatacce ba.

Haɗin gida kuwa aikinsa sai bayan murar ta shigo. Ruwan ɗumi yana sassauta majina ya lallashi maƙogwaro, citta ta ɗumama jiki. Amma a cikin kofin nan zuma ce uwar tafiya, domin an gwada ta a kan yara an ga tana rage tari, musamman na dare mai hana kowa barci a gida. Ƙaramin cokali ɗaya kafin kwanciya ya isa. Wannan kuwa ƙwayar bitamin C ba ta yin sa.

Lemon tsami ne nake ganin mun ba shi girman da ya fi ƙarfinsa. Tsaminsa ke sa mu zaci ya fi kowa bitamin C, alhali giram 100 nasa miligiram 29 ne kacal a ciki. Lemon zaƙi yana da kamar 53, jan tattasai ɗanye ya haura 100, goba kuwa ta wuce 200. Rabin lemon tsamin da ake matsawa a kofi bai kai ya ba da miligiram 10 ba, in kuma aka tafasa shi tare da citta, zafin wuta ya cinye wani kaso. A bari ruwan ya huce tukuna a matsa. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 miligiram 25 yake buƙata a yini, mace babba 75, namiji 90. Kin ga ke nan goba ɗaya matsakaiciya ta biya wa maigida buƙatarsa har da saura.

Kowane allazi da nasa amanu. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko da lasawa ce, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Citta in ta yi yawa tana tayar wa mai gyambon ciki da hankali. Ita kuma ƙwayar, abin da jiki bai buƙata fita yake yi ta fitsari, kuma babba in ya zarce miligiram 2,000 a yini yana iya gamuwa da gudawa da murɗar ciki. Ma'aunin yara ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ga shi masu zaƙin nan yara na ɗaukarsu alewa, sai a ɗora su inda hannu ba ya kaiwa.

In da ni ce, kuɗin ƙwayar cefane zan ƙara da su, domin garkuwar jiki ba bitamin C kaɗai take ci ba. Fatar cikin hanci da maƙogwaro, inda cutar ke fara sauka, tana buƙatar bitamin A, wanda ake samu a zogale, karas, kabewa, manja da hanta. Akwai kuma sinadarin zinki, yana cikin nama, wake, gyaɗa da riɗi. Dubi kwaɗon zogale da aka yi da ƙuli-ƙuli, aka yanka ɗanyen tumatir da tattasai da albasa: kusan duka ya haɗa su a kwano ɗaya, man ƙulin ma yana taimaka wa jiki ya zuƙi bitamin A ɗin. Kuma Allah cikin ikonsa, lokacin murar shi ne lokacin da kayan lambu ke fitowa daga fadamun gulbin Rima, lemu kuma na shigowa daga Binuwai.

Na san wani zai ce ina tafarnuwa, tunda ga ta nan jibge daga Wurno da Goronyo. A ci ta a miya, ba laifi. Sai dai gwaji mai ƙwari guda ɗaya ne aka dogara da shi a kanta, mutum 146 ne kuma a ciki, bai isa a yanke hukunci ba.

Abu biyu da ba a saye da kuɗi sun fi duk waɗannan hujja: wanke hannu da sabulu, da isasshen barci. A wani gwaji na 2009 a Amurka, masu barcin ƙasa da awa 7 sun kusa ninka masu awa 8 sau uku wajen kamuwa. Don Allah kuma a bar ɗura wa yara kafson amoksisilin saboda mura, ba ya taɓa irin ƙwayar cutar da ke kawo ta.

In yaro ya fara numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ya ƙi shan nono, a tafi asibiti a gwada shi, kada a ce mura ce. In kuwa wuya ya sanƙare da zazzaɓi mai zafi, ko da tsakar dare ne a fita da shi, don yankinmu na cikin inda sanƙarau ke ɓulla da rani.