Wane littafi za ka saya a kan yaƙin Turawa na 1903?

Duk wanda ya tashi neman littafi a kan yadda Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, da abin da ya faru a Burmi, garin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi karonsa na ƙarshe da su, zai tarar littattafan ba su da yawa, masu kyan cikinsu kuma ba su da araha. Galibinsu da Turanci aka rubuta, wasu an daɗe da daina buga su. Don haka kafin ka zaro kuɗinka, ɗan'uwa, tambayi abu ɗaya: daga bakin wa marubucin ya ji labarin? Yaƙin 1903 ya bar rahotannin hafsoshin Ingila jibgi guda, ya bar wasiƙun sarakuna da Larabci, ya kuma bar tsofaffin da suka ga abin da idonsu. Inda marubuci ya jingina a cikin waɗannan uku, shi ke nuna wanda zai kira jarumi.

Wanda aka fi ambata shi ne Concerning Brave Captains na D. J. M. Muffett, wanda ya fito a 1964. Muffett jami'in mulki ne da ya yi aiki a Arewa, kuma wannan kaɗai kan sa wasu su kau da kai daga littafin. Ni ban goyi bayan haka ba. Mutumin ya nemi tsofaffin da suka halarci yaƙin ya saurare su, bai kuma raga wa Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ba a kan yadda ya ƙulla dalilan kai hari. Idan abin da kake so shi ne ka bi rundunar Kanar Morland daga Zariya, ka ga an ci Bebeji, ka isa ganuwar Kano ran 3 ga Fabrairu alhali Sarkin Kano Alu yana hanyar Sakkwato, babu littafin da ya kai shi daɗin karatu. Yana ba da labari kamar mai hira, ba ka gajiya. Sai dai kana karantawa kana jin inda ƙafarsa take tsaye. Yana girmama mazajen da suka tsaya a Giginya, wato filin dagar Sakkwato, da Burmi, amma Turawan ne ya san sunan kowannensu da muƙaminsa da halinsa. Ka duba gumurzun da aka yi a wajen Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, lokacin da mahayan Kano ke komowa gida ƙarƙashin Waziri Ahmadu. Laftanar Wallace Wright ya sami lambar jarumta mafi girma ta Ingila saboda wannan karo, shi da sojoji arba'in da 'yan kai da suka ja daga a tsarin murabba'i. To, su wa ne sojojin nan? Baƙaƙen fata ne, domin yawancin dakarun rundunar Hausawa ne da Yarbawa. Wannan abu yana ci mini rai: mai harbi da wanda ake harbi sau da yawa harshe ɗaya suke yi, amma a takardun Turawa ba kasafai ake jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Idan da littafi ɗaya kawai aljihuna zai ɗauka, na R. A. Adeleye zan saya, wato Power and Diplomacy in Northern Nigeria, 1804–1906, wanda aka buga a 1971. Adeleye masanin tarihi ne na Jami'ar Ibadan, ya kuma yi aiki da wasiƙun Larabci na Daular Sakkwato, don haka kana kallon abin ne daga cikin fada. Bai fara daga 1903 ba. Yana nuna maka Bida a 1897 da 1901, da Kwantagora da Yola a 1901, da Bauci a 1902, ka ga yadda aka riƙa cin masarautu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun haɗa runduna guda ba. Kafin ka iso Sakkwato ka riga ka fahimci me ya sa shawara ta rabu uku a fadar Sarkin Musulmi Attahiru: masu cewa a yi yaƙi, masu cewa a yi hijira, da masu cewa a yi sulhu a zahiri a tsare addini. Ya ba Waziri Buhari haƙƙinsa, mutumin da ya komo birni bayan karon Giginya na 15 ga Maris ya miƙa wuya don kada a bar talakawa ba jagora, abin kuma ya dame shi har ya rubuta risala yana bayyana uzurinsa. Littafin da ya san jarumin da ya faɗi a fagen fama kaɗai, ya manta da wanda ya zauna ya ɗauki nauyin waɗanda suka rage, bai gaya maka rabin labarin ba. Aibin na Adeleye shi ne Turancinsa na jami'a ne, mai nauyi. Ɗalibin sakandare zai sha wuya.

Wanda zai ja da shi a wurina shi ne na marigayi Dakta Mahmud Modibbo Tukur, British Colonisation of Northern Nigeria, 1897–1914. Asalinsa kundin digiri na uku ne da ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970, sai a 2016 aka buga shi littafi, shi ya sa samun sabon kwafinsa ya fi sauƙi. Tukur ya ɗauki rahotannin Turawan da kansu ya tsefe su, yana nuna inda abin da suka rubuta wa junansu ya saɓa wa abin da suka shelanta wa duniya na cewa sun zo kawo adalci ne. Amma ka sani kafin ka biya: littafi ne mai kauri, kuma kaso mai yawa na cikinsa a kan abin da ya biyo bayan yaƙi ne, wato tuɓe sarakuna da naɗa su, haraji, kotuna, aikin tilas. Mai neman ƙarar bindiga da sukuwar dawaki zai ga kamar an ja shi nesa. Mai son sanin abin da aka yi da nasarar bayan an same ta kuwa, nan ne gidansa.

Akwai masu tambaya ta daban: yaya aka yi dubban mahaya suka kasa da rundunar da ba ta kai mutum dubu biyu ba? Su na Joseph Smaldone ya dace da su, Warfare in the Sokoto Caliphate na 1977. Shi ba labarin gwarzaye yake bayarwa ba, tsarin yaƙin yake warwarewa: 'yan lifidi da 'yan sulke, 'yan baka, ribaɗi (garin tsaron kan iyaka) da ganuwa, da yadda bindiga ta fara shiga hannun bayin sarki a ƙarshen ƙarni na 19. Kana gama shi za ka gane cewa dabarar da ta ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808 ba ta da amsa ga bindiga mai ruwan harsashi da igwa. Na Risto Marjomaa, War on the Savannah na 1998, ya fi shi tsayawa a kan yaƙin Turawa kai tsaye, sai dai a Finlan aka buga shi kuma yana da wuyar samu. Idan ka gan shi a ɗakin karatun jami'a, ka zauna ka karanta a can.

Da Hausa fa? Nan abin yake da ban takaici, domin ba mu da da yawa. Akwai Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa na Abdulmalik Mani, ɗan ƙaramin littafi na shekarun 1950, wanda ya dace da mai farawa ko wanda zai karanta wa iyaye a gida, muddin ya tuna cewa a zamanin mulkin Turawa aka buga shi. Ganɗoki na Malam Bello Kagara kuwa ƙagaggen labari ne. Ka saye shi don daɗin Hausarsa da kirarin mazaje, kada ka kafa hujja da shi.

Duk wanda ka ɗauka, in kana tsaye a shago, buɗe wajen Burmi kafin ka yi ciniki. Littafin kirki zai gaya maka karo biyu aka yi a wannan gari na kusa da kogin Gongola, a jihar Gombe ta yau. A watan Mayu mutanen garin sun kori Turawa daga bakin ganuwa. Sai ran 27 ga Yuli aka dawo da ƙarfi, aka wuni ana fafatawa, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya mutu. Duba ko an ambaci Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda kashe Kyaftin Moloney da ya yi a 1902 ya zama hujjar tasar wa Kano, kuma ya ƙare a Burmi. Duba ko an bi sawun waɗanda suka tsira suka nausa gabas tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda jikokinsu suke har yau. Littafin da ya gama da Burmi a layi uku, mayar da shi kan kanta.

Sai batun kwafin kansa. Tun da tsofaffin bugu sun yi ƙaranci, abin da ke yawo a kasuwa sau da yawa hoton littafi ne aka ɗauka aka ɗinke da bango mai ƙyalli. Taswira ce ke fara lalacewa a irin wannan, ta koma baƙin dabbare, alhali ba za ka fahimci tafiyar Attahiru daga Sakkwato zuwa Burmi ba sai da ita. Ka bi lambobin shafi ka tabbata babu tsallake, ka leƙa ƙarshe ka ga ko fihirisa da bayanan madogara suna nan, don masu ɗaukar hoto sukan yar da su saboda tsimin takarda. A na Adeleye da na Tukur, waɗannan bayanan su ne ke nuna maka wace wasiƙa ko wane rahoto aka dogara da shi. Tsohon kwafi na asali mai yagaggen bango, in shafukansa sun cika, ya fi sabon da aka yanke wa su, ko da mai shago ya ɗora maka wani abu a kai.