Tabaron hangen nesa mai lamba 8x42: gwani wajen ƙirgar shirwa, amma da iyakarsa

Mai sayen tabaron hangen nesa lamba ce ke fara ruɗarsa. Ya ga 8x42, ya ga 10x42, ya ga 12x50, sai zuciya ta ce masa ɗauki mai babbar lamba. Ni 8x42 na ɗauka, na kai shi mashigin Jibralta, tekun da ke tsakanin Maroko da Sifaniya, a watan Maris, lokacin da tsuntsaye masu farauta ke komawa Turai daga cin rani a kudu da Sahara. Da za a sake ba ni zaɓi, shi zan ƙara ɗauka, duk da akwai inda ya gaza.

Lamba 8 na nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Lambar da ta fi waɗannan amfani ga mai ƙirga an rubuta ta ƙanana a jikinsa: yana nuna fili mai faɗin wajen mita 130 a nisan mita 1,000. Masu ninki goma galibi filinsu bai kai haka ba.

Sai mutum ya ga yadda tsuntsayen ke tafiya zai gane darajar wannan faɗin. Shirwa da gaggafa da ungulu ba su son yawan kaɗa fiffike. Iskar ɗumi da ke tashi daga ƙasa idan rana ta gasa ta, ita suke hawa suna kewaye har su yi sama, sannan su miƙe suna sulalowa zuwa wata iskar. Teku ba ta ba da irin wannan iska, shi ya sa suke neman inda ruwa ya fi tsukewa, kuma tsakanin Maroko da Sifaniya kilomita 14 ne kacal a wuri mafi ƙunci. Ƙirga tsuntsu yana cikin kewaye ɓata lokaci ne, za ka ƙirga guda ɗaya sau uku. Ana jira ne su fita daga kewayen su ja layi, sai ka tsayar da tabarau wuri ɗaya suna ratsawa, kana danna ɗan ƙarfen ƙirga da babban yatsa, in sun yi yawa goma-goma. A nan wannan tabarau ya burge ni. Ayarin baƙar shirwa ya taso daga kan ruwa, na sama da na ƙasa duk suna cikin gilashi lokaci guda, ban motsa hannu ba. Wani bawan Allah kusa da ni mai ninki goma sha biyu sai ɗaga kai yake yana saukewa, yana tambayar inda suka yi.

Ga kuma iska. Bakin mashigin nan ba ya rabo da ita. In ta gabas ce tana tura tsuntsayen yamma, wajen garin Tarifa a gaɓar Sifaniya, in ta yamma ce tana kai su gabas, wajen tsinin gaɓar Punta Carnero da dutsen Jibralta. In ta gabas ta yi ƙarfi sai su taru a ɓangaren Maroko suna jira, ranar da ta lafa su kwararo gaba ɗaya. Kana tsaye iska na jijjiga ka, duk rawar da hannu ya yi tabarau zai ninka ta. Ninki takwas ana iya jurewa. Nauyinsa kuma bai wuce gram 700 da ɗoriya ba, amma kada wannan ya yaudare ka, bayan awa huɗu kana kallon sama kafaɗa za ta yi magana. Igiyar wuyan da ya zo da ita siririya ce, tana cin fata. Na cire ta na sa irin maɗaurin da ke ratsa kafaɗu biyu.

Inda ya fara gazawa shi ne tantance wane tsuntsu ne daga nesa. Gaggafa mai cin maciji, wadda Maris ne ganiyar wucewarta, ba ta da wuya: babba ce, cikinta fari, kai ƙato mai duhu. Matsalar ita ce ƙaramar gaggafar nan mai gashi har ƙafa, wadda ke ƙaruwa a ƙarshen wata. Tana da launi biyu. Mai haske an san ta nan take, fari da baƙin gefen fiffike. Mai duhun kuwa sak shirwa, sai ka duba wutsiya: ta shirwa tana da ɗan lotsawa a tsakiya, tata a miƙe take, sannan in ta fuskanto ka akwai ɗigon fari a kowace kafaɗa. In tana kusa, tabaron na nuna ɗigon nan tar. Da ta yi nisa shi ke nan, sai dai ka rubuta "ba a tantance ba", ko ka roƙi mai babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku ya duba maka. Masu ƙirgar gidauniyar Migres da ke aiki a wannan mashigi da irin waɗannan manyan madubai suke haɗawa, kuma da dalili.

Aibi na biyu ya fi ba ni haushi. Idan baƙin tsuntsu ya gitta gaban farin gajimare, sai ka ga wani siririn launi, shuɗi-shuɗi ko kore, a gefen fiffikensa, musamman in ya kauce daga tsakiyar gilashi. Mai kallon tsuntsu a kan reshe ba zai damu ba, amma mai kallon sama yini guda baƙi kan fari yake gani. Masu gilashin da aka rubuta wa ED sun rage wannan sosai, kuma wanda ke da hali ya nemi irinsu.

Gargaren saita gani yana da ɗan tauri da sanyin safe, sai rana ta ɗaga yake sakewa. Ba ya ba da wahala sosai, tunda yawancin aikin a nesa ne, saiti ɗaya ya isa. Sai dai lokacin da wata gaggafa ta iso a gajiye, ƙasa-ƙasa da ruwa, tsuntsayen teku na kai mata sara, ta wuce dab da kanmu, kafin in murza ta riga ta ba ni baya.

Ruwa bai shige shi ba, yayyafi da feshin gishiri duk ya sha, gilashin bai yi hazo daga ciki ba. Murafun gaba kuwa sakwaf suke, iska ta tafi da ɗaya. Mai sa tabaron ido ya murza kofunan ido ƙasa, zai ga filin gaba ɗaya, na gwada da nawa.

Wanda ƙirga ce aikinsa, ko sabon shiga da ke son ya riƙa samun tsuntsu a gilashi da wuri, wannan ya ishe shi. Wanda burinsa ya bambance gaggafar bara da ta shekara uku a Eilat da ke kudancin Isra'ila, inda gaggafar jeji ke ratsa duwatsu tun watan Fabrairu, ya tanadi babban madubi mai ƙafa uku, 8x42 ya zama na nemo masa tsuntsun kawai.